Ki Shiga Ajin da Na Yi wa Dariya

Da sunan Allah, Mai rahama, Mai jin ƙai.

Zuwa ga Uwata,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwa biyu. Ta farko ta ɗa ce ga uwarsa, tunda sunan mahaifiyata kika ɗauka kika bar ni da durƙuso. Ta biyu ta uba ce, wadda ita ce haƙƙina. Ina fata kin huta gajiyar hanya, kin sami ɗaki mai iska da abokan zama masu kunya. Allah Ya tsare min ke a inda idona ba ya kaiwa, Ya raba ki da sharrin mutum da na aljan. Mu nan Daura lafiya lau muke, alhamdu lillahi. Ba labarin gida ne ya sa na zauna rubutu ba, wannan innarki za ta ba ki shi a waya, har da wanda bai faru ba.

Za ki ce me ya hana Baba ya kira kawai. Ai na gwada. Ranar da na kira ki na ce, "Uwata, magana ta gaske zan yi da ke," kika fashe da dariya tun ban rufe baki ba. Ban ga laifinki ba. Mutumin da ya taɓa ce miki akuyar gida ta haifi ɗa mai kai biyu, kika zabura bayan gida ba takalmi, ba za ki ji muryarsa ki ɗauka da gaske yake ba. Shi ya sa na koma ga ajamina mai kama da sawun kaji. Takarda ba ta murmushi, ba ta ƙifta ido. Ki karanta ta a zaune.

Innarki ta faɗa min abin da kika ce mata. Wai a kwalejin naku akwai wani aji da aka buɗe domin sababbin ɗalibai a zangon farko, gwamnati ce ta ɗauki nauyinsa, ba a karɓar komai a hannun ɗalibi. Ana koya musu yadda ake bin malami da rubutu idan yana zuba lakca ba ya waiwaye, da yadda ake nemo littafi a laburare, da taɓa kwamfuta, da gyaran Turancin rubutu, da yadda mutum zai raba lokacinsa, da ƙofar da zai ƙwanƙwasa idan karatu ya tsaya masa a wuya. Ba dole ba ne, wanda ya so shi ke ba da sunansa, kuma an kusa rufewa. Ke kuma kin ce ba za ki shiga ba. Kin ce ke da kika fi kowa a makarantarku ba za ki zauna a ajin 'yan rarrafe ba, balle Nura ɗan Goggonki Hadiza, da yake gaba da ke a kwalejin, ya gan ki a ciki ya kawo labarin gida.

Ajin 'yan rarrafe. Na san maƙerin da ya ƙera wannan suna, domin ni ne. Kin tuna muna tsakar gida kina karanta mana takardun da suka ba ki, kika zo kan wannan ajin, na ce, "A'a! Ashe bayan duk wannan karatu rarrafe za a koma koya muku? To innar yara, cikin kayan tafiyarta a sa bulumboti." Innarki ta yi dariya, ƙannenki suka yi ta birgima, ke ma kika yi. Amma na ga sanda kika ninke takardar kika tura ta ƙarƙashin sauran. Na gani, na kau da kai, don daɗin dariyar bai sake ni ba tukuna. Wannan halin nawa ne tun ina yaro, idan magana mai ban dariya ta zo bakina sai ta fita, ko da za ta taka wani. To wannan karon ke ta taka, kuma ina so in janye ta tun ba ta yi miki ɓarna ba.

Bari in ba ki labarin rarrafen da ni na ƙi yi.

Sanda aka kai ni makarantar allo a zauren Malam Sule, Allah Ya jiƙansa, sai aka ga Allah Ya ba ni kunne. Abin da aka biya wa na kusa da ni sau ɗaya, ya zauna a kaina. Kin san yadda ake farawa, babbaƙu tukuna, a koya wa yaro sanin haruffa ɗaya bayan ɗaya, sannan farfaru, a sa musu wasali, sannan ya fara haɗawa da kansa. Ni sai na ga wannan hanya ta yi nisa. Ina zaune ina jin manya suna biya nasu, ina kwashewa. Idan Malam ya rubuta min allo, in riƙe shi da kyau, in ɗora yatsa, in yi ta rera abin da kunnena ya ɗauka, yatsan yana tafiya kamar ya san hanya. Yara sun yi yawa, Malam ɗaya ne, muryata kuma ta fi ta kowa fita. Aka yi ta min ƙari. Har unguwa ta ɗauka, ana cewa ɗan gidan Malam Bala kansa kamar wuta. Babana ya riƙa tafiya masallaci yana gyara hula.

A lokacin babban wasana shi ne musanya wa yara alluna. Idan an jingine su an fita shan ruwa, sai in lallaɓa in sauya musu wuri, in koma gefe ina kallon yaro ya ɗauki allon wani yana ƙifta ido yana neman kuka. Rannan wata yarinya, Ladidi, wadda na fi damu da wannan wasa, ta rama. Ta ɗauke nawa ta ajiye na wani babban yaro da ya yi min nisa ƙwarai. Allunan girmansu ɗaya. Na dawo na ɗauka, na je gaban Malam na gurfana, na ɗora yatsa, na rera surata tun daga farko har ƙarshe, murya tar, ba gargada.

Malam bai katse ni ba. Da na gama ya ce, "Madalla, Iliya. Sake biyawa." Na sake, har da ƙarin ƙira'a. Ya ce, "To, nuna min inda ka tsaya." Na nuna ƙasan allon. Ya ɗora yatsansa a kan harafi guda ya ce, "Wannan fa, mene ne sunansa?" Na kalli harafin, harafin ya kalle ni. Ba mu taɓa gaisawa ba.

Bai dake ni ba, da ma ya dake ni. Cewa ya yi, "Wanke allon nan. Gobe ka zauna can wajen ƙanana, mu fara daga babbaƙu. Kai mai kai ne, ba za ka daɗe ba."

Duk wannan ba shi ne kuskuren ba, yarinta ce. Kuskuren shi ne abin da na yi da maganar Malam. Na dubi inda ya nuna, na ga yara masu majina, har da wanda ba ya iya ɗaura wandonsa, na ce ni ɗan gidan Malam Bala mai kai kamar wuta ba zan zauna nan ba. Kullum in fita gida da allo, in ɓoye shi a kangon bayan unguwa, in wuce kasuwa ina ba mahauta dariya suna ba ni guntun tsire. Da babana ya gano, aka yi ta fama, a kai ni in gudo. Abin da zai ɗauke ni ɗan lokaci kaɗan, girman kai ya mai da shi shekaru. Sanda hankali ya zo min na koma da ƙafata, gashin baki ya fara fito min, kuma wajen ƙananan nan dai na zauna, sai dai yanzu sun fi na da ƙanƙanta. Baffanki Sani, ƙanena, shi ya riga ni sauka. Ni na raba waina ranar walimarsa.

Ki lura da wannan. Ƙwaƙwalwa mai kyau takan ɓoye wa mai ita ramin da ke gabansa. A makarantar da kika baro kowa ya san ki, malamai suna kiran sunanki, idan kin yi shiru a tambaye ki lafiya. Can kuwa na ji an ce ɗaki guda kan ɗauki ɗalibai kamar masallacin Juma'a, malami ya shigo ya zuba ya fita, bai san wa ya gane wa bai gane ba. Ba mai cewa ki nuna masa harafi sai ranar jarrabawa, kuma ranar ba a cewa wanke allo gobe mu sake. Ni na yi sa'a asirina ya tonu a zaure, gaban malamin da ke ƙaunata. Idan akwai abin da ba ki sani ba, kuma dole akwai, gara ki gano shi yanzu a ajin da aka buɗe musamman domin haka. Wanda ya san bai sani ba ya fi ni sanda nake rera allon wani.

Za ki ce to ai wannan yaro ne ya yi. Saurara ki ji na babba.

Shekarar da aka fara shari'a a jihar nan ina saurayi, ana maganar aurena da innarki. Babana ya bar min gonarmu ta hanyar Zango, ya ce in nuna masa ni namiji ne. Na je kasuwar Mai'aduwa na sayo bijimai biyu, matasa, ja da fari, masu sheƙi, wuya kamar turmi. Ba wanda aka taɓa ɗora wa karkiya a cikinsu. Maƙwabcin gonarmu, Baba Tanko, dattijo ne da ya tsufa a bayan garma. Ya zagaya su ya ce, "Shanu sun yi kyau, Iliya. Amma ba a haɗa sabo da sabo. Kawo jan nan in haɗa shi da tsohon sana, su yi ta jan gungume a fili kafin ruwa ya sauka. Idan ya koyi tafiya da tsayuwa, sai a kawo farin."

Haka ake horon san huɗa, ke ba ki taɓa gani ba don kin tashi kin tarar da namu sun gama sanin aiki. Sai an huda masa hanci an sa igiya, a haɗa shi a karkiya ɗaya da tsohon sa wanda ya san hanya, a ɗaura musu guntun icce mai nauyi su yi ta ja, su je su dawo, ba a shuka komai, ba a huɗa komai. Mai wucewa zai ce aikin banza ake yi. A nan ne sabon yake koyon cewa idan an ce tsaya a tsaya, idan an kai ƙarshen gona a juya, kuma abin da ke ƙara a bayansa ba dodo ba ne.

Ni kuwa na dubi tsohon san Baba Tanko, duk haƙarƙari, yana tafiya kamar mai zuwa gaisuwar mutuwa. Na ce, "Baba, wannan ai sai dai ya koya wa nawa tari. Shanuna ba 'yan makaranta ba ne, da iliminsu aka haife su." Samarin da ke wajen suka kwashe da dariya. Baba Tanko ya ce, "To, Allah Ya ba da sa'a," ya kaɗa sansa ya tafi.

Ruwa ya zauna, gero ya fara tasowa, lokacin huɗar gyaɗa ya yi. Na sa sabuwar riga, don na san innarki za ta biyo ta hanyar da ƙawayenta za su kai abinci gona. Na haɗa ja da fari, na ɗaura garma, na ce bismilla. Taku kaɗan suka yi, bakin garma ya bugi wani kututture ya yi ƙara. Shi ke nan. Ja ya yi gabas, fari ya ce shi ma gabas ɗin, suka ɗauke ni. Na riƙe garma ina ihu, "Ku tsaya! Don Allah ku tsaya!" kamar da mutane nake magana. Suka ƙetare iyaka suka faɗa geron Baba Tanko, suka yi masa hanya tun daga wannan gefe har wancan, garma tana tuge shuka, ni ina biye a kan ciki. Inda suka yar da ni, cikin ƙaya ne. Na ɗaga kai, ga 'yan mata a bakin hanya da ƙorai a ka. Ki tambayi innarki, har yau idan ta tuna sai ta ajiye abin da ke hannunta.

Lokacin kowa a tsorace yake da kotu, ba a gama sanin me ake hukuntawa da me ba. Abokaina, 'yan banza irina, suka zo suka ce, "Iliya, ka ci amanar gero, sai dai ka zaɓi hannun da za ka bari." Na san tsokana ce, ni na koya musu ita, amma ranar ban iya cin tuwo ba. Da safe babana ya tasa ni gaba har gidan Baba Tanko. Na durƙusa ina ba da haƙuri. Dattijon nan ya dube ni ya ce, "Ba alƙali, ba mai unguwa. Ka zo ka yi min dashe inda ka ɓata. Sannan ka kawo 'yan makarantar nan naka, tsoho mai tari yana jiran su."

Na yi dashen. Shanu suka ja gungume a tsakiyar damina, lokacin da na kowa ke huɗa. Gyaɗata ta shekarar ta makara, ba ta yi abin kirki ba. Amma ja da fari sun zama shanun da ake aro a yankin, su suka yi noman da aka ci a sunanki.

Shanun nan ba ƙarfi suka rasa ba, Uwata, ƙarfin ne ma ya ja ni cikin ƙaya. Ke ma ba ƙwaƙwalwa kika rasa ba. Sabon wuri ne, sabuwar karkiya. Kuma ki lura, ba rago ake kai wa gungume ba, wanda ake sa ran zai yi noma ake kaiwa. San da za a yanka da salla ba mai ɓata lokacin horonsa. Idan kin sami wata a cikin manyan ɗalibai mai natsuwa, ko da ba ta iya ado ba, ki jingina da ita. Kada ki haɗa karkiya da sabuwa irinki mai rawar kai, ku ɗauki juna ku faɗa gonar mutane.

Sai maganar gwamnati. Ni dai kin san ba na yabonta da arha. Takin da take cewa ta kawo wa manoma, sau nawa yana iso mu bayan gero ya fid da kai? To ga abu guda ya zo a kan lokacinsa, a farkon daminarku, an biya malamai, an buɗe ɗaki, an ce ku shigo. Ba sadaka aka ba ki ba, balle ki ji kunya, dukiyar jama'a ce, da guminmu a ciki. Kuma abin gwamnati yau akwai gobe babu. Idan suka leƙa suka ga kujeru ba kowa, baɗi sai su ce yara ba sa so, su rufe. Ƙanwarki Safiya tana tafe, ita kuma kin san ba ta da saurinki. Zamanki a kujerar nan yana riƙe mata ƙofa.

Idan kin shiga, kada ki zauna a baya kina rufe fuska da mayafi. Zauna inda za ki ji. Abin da ba ki gane ba ki tambaya, ko da wani shaƙiyyi irin babanki zai yi dariya a bayanki. Na san irinsu ciki da waje, yawanci shi ma bai gane ba ne, dariyar ce mayafinsa. Ki riƙe sallarki a kan lokaci, ki ci abinci ko ba daɗi, kada ki bar kewar gida ta kwantar da ke. Sauran nasihohin innarki ta cika miki kunne da su, ba zan ƙara ba.

Saura Nura. Na san tsakaninku, ɗan mace da 'yar namiji, wasan taubasai ba ya ƙarewa, kuma na yarda bakinsa da kaifi, jinin gidanmu ne. Tsoronki ya ji ya kawo gida a yi ta yi da ke. To na rage miki aiki. Jiya mun je suna Sandamu, dangi sun cika gida. Bayan an ci an sha, na shiga wajen mata gaisuwa, na tsaya a tsakiya na ce, "Jama'a, ku taya ni murna, Uwata ta shiga ajin share fage, wanda gwamnati ta buɗe wa sababbi." Na faɗa wa maza a zaure, na faɗa wa direban da ya dawo da mu. Yanzu ba wanda bai ji ba, daga nan har Sandamu. Ba sauran abin da Nura zai kawo, na riga shi kasuwa. Na san za ki ce Baba ya kashe ni. Yi haƙuri, ji ƙarshen.

Goggonki Hadiza tana jin haka ta ajiye kwanon hannunta ta ce, "Wanne? Na 'yan shekarar farko? Ai shi ya ceci Nura bara. Da farko ƙi ya yi, sai da gwajin farko ya kayar da shi ya koma yana roƙo a sa sunansa. Ya ce in na faɗa wa kowa ba zai ƙara zuwa hutu ba." Sai ta kama baki. Amma magana ta riga ta fita, kuma a kunnen wa ta faɗa? Nawa.

Saboda haka ki je ki ba da sunanki tun ba a rufe ba. Na riga na faɗa wa duniya kin shiga, kada ki mai da babanki maƙaryaci a gaban dangi, ga furfurarsa ta fara fitowa. Idan kuma Nura ya tare ki a ƙofar ajin yana murmushi, ki gaishe shi da ladabi, ki ce Baba ya ce ya nuna miki kujerar da ya zauna bara.

Allah Ya buɗa miki ƙirji, Ya sa abin da za ki koya ya amfane ki ya amfani mutane. Ya haɗa ki da malamai masu haƙuri irin waɗanda ni na samu ban san darajarsu ba. Ya kiyaye fitarki da shigarki, Ya dawo min da ke lafiya. Innarki da ƙannenki suna gaishe ki. Na yafe miki duniya da lahira, ke ma ki yafe wa bakin nan nawa.

Wassalam.

Ɗanki kuma babanki,
Iliya